Sardauna Ahmadu Bello, malamin makarantar da ya ƙirga mutanensa

Duk shekara idan sakamakon shahada ya fito, sai in yi mako guda ban huta ba. Iyaye su biyo ni gida, yara su tare ni a bakin kasuwar Suki, kowa da tasa tambayar. Wace kulliya za a rubuta a farko, wace jami'a ke da dahiliyya, nawa ake biya, ina ake zuwa neman taimakon sanduƙ. Wasu ina da amsarsu a ka, wasu sai na buga waya Sinja ko Madani. Amma waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne waɗanda ba su zo ba. Akwai wata yarinya da na koyar, kanta yana ja ƙwarai, ta ci shahada da maki mai kyau. Mahaifinta yana can hawasha yana fama da ban-ruwa, babu wanda ya gaya masa cewa cika istimara yana da ranar rufewa. Kafin labari ya iso an riga an rufe. Da shekara ta zagayo aka ɗaura mata aure.

Tun daga lokacin nake yawan tuna Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello. Dattawanmu sun san shi a matsayin jinin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mai babban rawani, wanda sojoji suka kashe cikin azumi. Haka ne. Ni kuwa abin da ya ja ni gare shi shi ne aikinsa na farko irin nawa ne, alli da allo, kuma babban abin da ya bari a duniya, wato jami'ar da ke Zariya, ya faro ne daga wani lissafi mai ɗaci da ya yarda ya duba da idonsa.

An haife shi a Raba, wani gari a bakin gulbi gabas da Sakkwato, a 1910. Ku lura da shekarar. Shekara bakwai ke nan bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas har suka sauka nan bakin kogi kusa da Sinnar. Gida ɗaya ne ya rabu biyu. Mahaifin Ahmadu, Ibrahim hakimin Raba, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, Attahiru kuwa jikan ƙanen Bellon ne. Wasu suka ce ba za su zauna ƙarƙashin Nasara ba, suka ɗaure kaya. Wasu suka zauna, suka koyi yadda za su rayu da shi. Ahmadu ɗan waɗanda suka zauna ne. Da yawa daga cikinmu kuwa, ko ta hijira, ko ta hanyar hajji, ko ta neman aikin auduga, 'ya'yan waɗanda suka taso ne.

Yana da shekara shida mahaifinsa ya rasu. Ya fara da karatun allo kamar kowane yaro, sannan aka kai shi makarantar lardi a Sakkwato. A wancan zamani ba a rububin makarantar boko. Takarda ce ke zuwa wa hakimi cewa ana son yara kaza daga ƙasarsa, shi kuma ya aika wa dagatai, iyaye kuwa su yi ta ɓoye 'ya'yansu a rumbu da gonaki. Wani attajirin ma ɗan baransa zai tura a madadin nasa. Ahmadu dai ɗan sarauta ne, ba shi da wurin ɓuya. A 1926 aka zaɓe shi zuwa Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 don horar da malamai. Tafiyar kusan mako guda ce a ƙasa daga Sakkwato. Ya shekara biyar a can, ya yi suna a wasan ƙwallon bango, ya fito a 1931.

Wannan kwaleji ita ce ƙololuwar boko a duk Arewacin Najeriya a lokacin, kuma kulliyar tarbiya ce kawai, irin wadda na yi. Ba a tsara ta don ta kai yaro jami'a ba. A gama, a ba ka aji, shi ke nan. Ku kwatanta da nan: Kwalejin Gordon a Hartum tun 1902, makarantar likitanci ta Kitchener tun 1924. Amma daga cikin 'yan yaran da suka ratsa ɗakunan ƙasa na Katsina ne aka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Kashim Ibrahim na Barno, da Aliyu Makaman Bida, da Isa Kaita. Kusan duk wanda zai riƙe Arewa daga baya malamin makaranta ne, kuma sun san juna tun suna kwana ɗaki ɗaya.

Shekara uku ya yi yana koyarwa a Midil ta Sakkwato, wato irin wusɗa tamu ta da. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ya naɗa shi hakimin Raba, ya gaji kujerar ubansa yana ɗan shekara 24. Aikin hakimi a zamanin Turawa, in ka tuɓe masa rawani da algaita, ƙirga ne. A ƙirga magidanta don haraji, a ƙirga shanu don jangali, a rubuta a littafi, a kai kuɗi baitulmali. A nan ya ga yadda talaka ke gudun alƙalami. Bafulatani ya ji malamin jangali na tafe, ya kora rabin garke daji. Magidanci ya ce ɗansa bai isa biyan haraji ba alhali gemu ya fara fito masa. Duk wanda aka rubuta sunansa, karɓa za a yi daga gare shi. To yaya za ka zo wa mutanen da suka saba da haka ka ce su kawo sunayen 'ya'yansu, wannan karon ba su za a yi?

Shi kansa lissafin ya kusa cinye shi. Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938 ya nemi sarautar bai samu ba, aka naɗa Abubakar na uku, shi kuma aka ba shi Sardauna aka tura shi Gusau. A 1943 aka zarge shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗaurin shekara guda. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, aka wanke shi. Mutumin da ya taɓa tsayawa gaban alƙali a kan abin da aka rubuta da abin da ba a rubuta ba a littafin haraji, ina ganin ba zai ƙara wasa da takarda ba.

A 1948 ya samu tallafin tafiya Ingila don ya ga yadda suke tafiyar da ƙananan hukumomi. A 1949 ya shiga majalisar Arewa a Kaduna, a 1952 ya zama ministan ayyuka, a 1954 ya zama Firimiya. Siyasarsa doguwa ce, ba ita na sa gaba ba. Abu ɗaya dai ba ya tsallakuwa. A ƙarshen Maris 1953, a majalisar tarayya a Legas, Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba Najeriya mulkin kai a 1956. Sardauna ya tashi ya nemi a cire shekarar, a bar abin sai lokacin da hali ya yi. Aka yi musu ihu a titi, aka kira su 'yan koren Turawa, bayan wata biyu rikici ya ɓarke a Kano aka yi asarar rayuka. Mutane da yawa sun ɗauka tsoro ne ko son Bature. Alhali mutumin ya duba littafi ne ya ga abin da ke ciki.

Ga abin da ke ciki. Arewa ta fi rabin mutanen Najeriya, sama da miliyan 16. A 1951, cikin wannan taro duka, mutum ɗaya tak ke da cikakken digirin jami'a, Dokta Barau Dikko na Wusasa, wanda ya yi likitanci a Ingila ta hannun 'yan mishan. Ɗaya. Ko a 1957, bayan an fara yunƙuri, Arewa makarantun sakandare 18 gare ta da ɗalibai 3,643, Kudu kuwa 176 da ɗalibai 28,208. A firamare abin ya fi muni: yara 185,484 a Arewa, sama da miliyan biyu da dubu ɗari uku a Kudu. Jami'a guda ce a ƙasar, ta Ibadan da aka buɗe a 1948, kuma 'yan Arewa da ke cikinta ba su taka kara sun karya ba. Ya'ani da Bature ya tafi a 1956, akawun gidan waya, da mai sayar da tikitin jirgin ƙasa, da injiniya, da likita, duk daga wani wuri za su zo.

Wani shugaban in ya ga irin wannan lissafi sai ya rufe littafin, ya hau mumbari ya yi ta kirarin tarihin kakanni. Sardauna yana da kakannin da za a yi kirari da su fiye da kowa, kuma yana yi, ba ya jin kunya. Amma bai bar kirarin ya rufe masa ido ba. Gwamnatinsa ta kafa ƙa'ida a kan aikin gwamnatin jiha: in akwai ɗan Arewa da zai iya, shi za a ba. In babu, a ɗauko baƙo daga waje a kan kwantiragi, yadda in ɗan gida ya gama karatu zai tarar da kujerar. Ɗan Kudu shi ne na ƙarshe. Wannan ƙa'ida ta ɓata wa mutanen Kudu rai ƙwarai, kuma akwai waɗanda suka rasa abincinsu ba da laifin komai ba. Mu da muka san ɗacin a ce maka kai ba ɗan ƙasa ba ne, bai kamata mu wuce wannan wurin muna tafi ba. Amma ta wajen karatu, ƙa'idar ta haifar da wani abu mai amfani: kowace kujerar da baƙo ke kai ta zama tambaya, wa ake koyarwa don ya gaje ta, yana ina yanzu, yaushe zai gama?

Daga wannan tambaya ne tallafin ɗalibai ya samu alƙibla. Hukumar ba da minha ta jiha tana tura yara Ibadan da Ingila, ofishin wakilin Arewa a Landan yana lura da su. Yaron da ya shiga sakandaren gwamnati yana samun ɗaki da abinci da tufafi da littattafai, da takardar shiga jirgin ƙasa in an yi hutu, En'e ko gwamnati ke ɗaukar nauyi. Wanda aka biya wa karatu kuma yana sa hannu cewa zai dawo ya yi wa jiha aiki na wasu shekaru. Waɗanda shekarunsu suka wuce komawa aji ba a zubar da su ba. Makarantar koyon mulki da ke Kongo a Zariya, wadda ta faro a matsayin makarantar akawuna, ta riƙa ɗibar malaman makaranta da ma'aikatan En'e tana ba su horo na gaggawa, suna fitowa suna zama Di'o, kujerar da a da sai Bature. Ma'aikatar ilimi ta fara a hannun Makaman Bida, daga 1957 kuma ta koma hannun Isa Kaita har ƙarshen gwamnatin.

Sai dai buɗe ƙofa daban, sanar da mutane cewa an buɗe daban. Nan ne nake ganin malamin makaranta da hakimi suka haɗu a jikin mutum ɗaya. Sardauna mutum ne mai rangadi, ba ya zama Kaduna. In ya sauka gari zai shiga makaranta, ya tsaya gaban 'yan ajin ƙarshe ya faɗa musu irin ayyukan da ke jiran su, ya matsa wa sarakuna da hakimai su kawo yara, nasu na cikinsu ma. Da yake jinin Shehu ne, in ya ce boko ba kafirci ba ne, maganar tana da nauyin da ta Bature ba ta da shi. Ga kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ke fitowa tun 1939, wadda mutum ɗaya zai karanta goma su saurara. Ga azuzuwan Yaƙi da Jahilci na manya, waɗanda Ahmadu Kumasi ya jagoranta. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Uban da ya koyi haɗa baƙi a ajin dare, ko ya ji a rediyo cewa ɗan wane na ƙauyen gaba ya tafi Ingila kuma ya dawo yana salla, shi ne gobe zai bar nasa ya tafi.

Ƙasarmu tana cikin wannan labari fiye da yadda yawancinmu suka sani. Tun 1934 malamai 'yan Sudan ne suka riƙe makarantar shari'a ta Kano, wadda ta zama makarantar nazarin Larabci. A 1954 aka turo wasu daga cikin waɗanda suka gama ta zuwa Bahtar-Ruda kusa da Duwem, cikinsu akwai Abubakar Gumi da Haliru Binji da Shehu Galadanci. Hukumomin Turawa ba su so a kai su Azhar ba saboda iskar siyasar da ke kaɗawa a Masar, suka ga Sudan ta fi musu kwanciyar hankali. Biyu daga cikin ukun nan sun zama manyan alƙalai, Galadanci kuwa shi ya fara shugabantar jami'ar Sakkwato. A 1958, da gwamnatin Sardauna za ta gyara tsarin kotuna kafin mulkin kai, babban jojin Sudan Muhammad Abu Rannat ta gayyato ya shugabanci kwamitin, aka kuma shirya wa alƙalai kwasa-kwasai a Zariya don su iya aiki da sababbin dokokin. Mutanen da suka tsallake mu suka zo karatu Bahar Abyad da kuɗin gwamnatinsu, yarenmu ɗaya da su. A shekarun nan, yara nawa daga Mai Wurno ko ƙauyukan Suki suka taka Bahtar-Ruda?

Arewa ta samu mulkin kanta ranar 15 ga Maris 1959. Wata guda bayan haka gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin da zai duba bukatar ƙasar ta ilimi mai zurfi har shekara ashirin gaba. Mutum tara ne, uku 'yan Najeriya, uku daga Ingila, uku daga Amurka, shugabansu Eric Ashby na jami'ar Kambirij. Kashim Ibrahim ne ya zauna a madadin Arewa. Abin da ya bambanta wannan kwamiti da na baya shi ne ba su fara da tambayar wace irin jami'a ta dace da martabar ƙasa ba. Sun sa wani masanin tattalin arziki, Frederick Harbison, ya lissafa musu likitoci nawa, injiniyoyi nawa, malaman sakandare nawa, masanan noma nawa ƙasar za ta bukata. Daga nan suka yi lissafin baya-baya: in ana son masu digiri kaza, sai an samu masu gama sakandare kaza, su kuma sai an samu 'yan firamare kaza, su kuma sai malamai kaza. Rahoton ya fito a Satumba 1960, wata guda kafin 'yancin kai. Ya ce a kai ɗaliban jami'a 7,500 kafin 1970, ya kuma ce a kafa jami'a a Zariya. Gwamnati ta ga adadin ya yi kaɗan ta ɗaga shi zuwa 10,000, da shekarun suka zo kuma har wannan aka wuce. Lissafin bai faɗa daidai ba, amma ya ba kowa ma'aunin da zai auna kansa.

Sardauna bai tsaya jiran tarayya ba. A 1961 aka kafa majalisar riƙo ta jami'ar, aka ɗauko Norman Alexander, mutumin Niyu Zilan da ke koyar da kimiyya a Ibadan, ya zama shugabanta na farko. Ba daga fili aka fara ba, abin da ke ƙasa aka tattara: kwalejin fasaha da kimiyya ta Samaru, makarantar mulki ta Kongo, cibiyar binciken noma ta Samaru, gonar dabbobi ta Shika, da kwalejin Larabci da addini ta Kano. Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello da ɗalibai 426. Cikinsu 147 ne kawai 'yan Arewa. Cikin malamai kuwa 'yan Najeriya biyu ne, Iya Abubakar a lissafi da Adamu Baikie a fannin tarbiya.

Wannan 147 ɗin na daɗe ina juya shi. An gina jami'a da kuɗin gyaɗa da audugar talakan Arewa, an sa mata sunan Firimiya, ranar buɗewa kuma kashi biyu cikin uku na kujerun wasu ne suka zauna. Ba wanda ya hana 'yan gida shiga, babu su ne. Jami'a ba ta ƙirƙiro ɗalibi, abin da sakandare ta miƙo mata shi take karɓa, sakandare kuma abin da ni da ire-irena muka miƙa mata. Shi ya sa a shekarar nan ta 1962 aka buɗe babbar kwalejin horon malamai a Zariya da taimakon UNESCO, aka kuma yi sabuwar dokar ilimi bayan binciken da wani jami'in ilimi daga Ingila, Oldman, ya yi a kan firamare. Reshen Kano kuwa, da aka sauya wa suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero, ya zama ƙofar da masu karatun Larabci za su bi su kai ga digiri. Wanda ya riƙe ta daga 1964 zuwa 1966 ba baƙonmu ba ne: Farfesa Abdullahi al-Tayyib, wanda iyayenmu suka sha jin tafsirinsa a rediyon Umdurman. Ita ce ta zama Jami'ar Bayero a 1977.

Ban ce komai ya yi daidai ba fa. Lissafin Sardauna yana da waɗanda bai gani ba. 'Yan mata sun zo can baya, makarantun sakandarensu 'yan ƙalilan ne, irin ta Sarauniya Elizabeth da aka buɗe a Ilori a 1956, kuma yawancin masu shigarsu ba daga ƙasar Hausa suke ba. Dubban almajiran makarantun allo, waɗanda sun ninka 'yan boko, an yi ta maganar yadda za a shigo da su tsari, amma aikin bai yi nisa ba, ga shi har yau Arewa tana fama da shi. Lokacin da Awolowo ya buɗe firamare kyauta ga kowa a Yamma a 1955, Arewa ta zaɓi tafiya a hankali, ta ce sai ta samu malamai tukuna. Akwai hujja a ciki, amma wanda ya biya kuɗin jiran ɗan talaka ne. Kuma da yake labarin makaranta ta hannun hakimi da dagaci yake bi, wanda ke kusa da fada ya fi saurin ji. Malam Aminu Kano da 'yan NEPU sun yi ta faɗar wannan, an kuwa ɗaure da yawa daga cikinsu a kotunan En'e a zamanin wannan Firimiyan. Shi ma yana cikin tarihinsa.

Duk da haka, in na ajiye labarinsa kusa da namu sai jikina ya yi sanyi. Su matsalarsu an ƙirga su an ga sun yi kaɗan. Mu kuwa an daɗe ba a ma sa mu cikin lissafin ba. Dokar 1948 da ta fayyace wane ne ɗan Sudan ta ce sai wanda kakanninsa ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897, dokar jinsiyya ta 1957 ta maimaita wannan ranar. Mutanen Burmi a 1903 suka taso, kun ga da shekara shida aka rufe musu ƙofa. Hannunsu ya taimaka wajen gina madatsar Sinnar da aka gama a 1925, su suka tsinci audugar Jazira, amma ɗansu in ya kai matakin da ake tambayar takarda sai ya tsaya. An sassauta dokar daga baya, ta 1994 ta dawo da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, sai dai tsoron ofis da alƙalami ya riga ya zauna a zukatan iyaye, irin tsoron da Sardauna ya tarar a Raba. Yau ga jami'ar Jazira a Madani, ga ta Sinnar a jiharmu, ga sanduƙin kula da ɗalibai da aka kafa bayan faɗaɗa jami'o'i na 1990. Amma ku tambayi kowane ustaz ko shugaban unguwa a ƙauyukanmu yara nawa suka zauna shahada bana, nawa suka ci, nawa suka cika istimara, nawa suka tafi suka dawo saboda kuɗin ɗaki. Kowa zai ce da yawa, ko ya ce kaɗan ne. Ni kaina sai bayan abin da ya faru da yarinyar nan na sayi littafi mai layi na fara rubuta na makarantarmu, suna da maki da lambar wayar uba.

Sardauna bai ga amfanin gonarsa sosai ba. An naɗa shi uban jami'ar a Nuwamba 1963, ya ga 'yan rukunin farko sun karɓi digiri. Daren 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, sojoji ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka fasa gidansa a Kaduna suka harbe shi, matarsa Hafsatu ta mutu tare da shi. A daren aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas, shi ma aka kashe shi. Sardauna yana da shekara 55. Allah ya jiƙansu da rahama.

A cikin shekarar Dokta Ishaya Audu, Bahaushe Kirista, likitan yara wanda ya taɓa zama likitan Sardaunan, ya karɓi shugabancin jami'ar, ɗan Najeriya na farko a kujerar. Ganin har lokacin 'yan Arewa masu takardar shiga ba su isa ba, jami'ar ta buɗe makarantar share fage, tana ɗibar waɗanda suka gama sakandare tana shirya su da kanta kafin su shiga ajin digiri. Gidan da aka kashe shi kuwa ba a bar shi kango ba. An mayar da harabar wurin ajiye tsofaffin takardu da binciken tarihi, ana kiran sa Gidan Arewa, yana ƙarƙashin jami'ar. Fayilolin gwamnatinsa suna can a jere, ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku suna zuwa suna buɗawa.